Hun-Saare Shi Ne Dukanci? Kuma Wanda Yake Ji Ba Ya Mayarwa Zai Iya Koyar da 'Ya'yansa?

"Malam, barka da aiki. Iyayena duka Dukawa ne. Mahaifina daga wani ƙauye kusa da Rijau yake, mahaifiyata kuma daga ɓangaren Dukku, amma a Kontagora aka haife mu, a nan muka tashi. Ina jin Dukanci idan ana yi, sai dai ba na iya mayarwa, bakina ya fi sabawa da Hausa. Kwanan nan na ga an rubuta Hun-Saare a intanet, an ce harshenmu ne, alhali ban taɓa jin wani ya faɗi haka a gidanmu ba. Shin shi ne Dukanci? Wata ƙawata kuma ta ce ai Dukanci Dakarci ne da ya karkace. Haka ne? Yanzu ina da yara biyu, ina so su iya. Ko dai lokaci ya riga ya ƙure mini?"

'Yar'uwa, barka kadai, Allah ya raya yaran. Tambayarki uku ce a dunƙule: menene Hun-Saare, mene ne tsakaninsa da Dakarci, sannan ko mai ji ba ya mayarwa zai iya dawo da harshe bakinsa har ya miƙa wa na baya. Amsar ta farko ita ce e, Dukanci ne. Ta biyu kuwa ƙawarki ba ta yi daidai ba. Ta ukun ita ce ta fi damuna, don haka a kanta zan fi daɗewa. Aikina nazarin harsuna ne, kuma na yi zaman ɗaukar kalmomi da labarai a ƙauyukan kudancin Kebbi da arewacin Neja, daga nan nake magana.

Sunan da mutanen

Dukawa da Dukanci sunaye ne da Hausawa suka sa, kamar yadda suka ce Dakarkari, Kambari, Acifawa, Gungawa. Kowace daga cikin waɗannan al'ummomi tana da sunan da take kiran kanta da shi. Mutanen gabas, wato Rijau da kewayenta, harshensu ut-Hun ne. Na yamma, ɓangaren Dukku zuwa wajen ƙasar Yawuri, nasu us-Saare ne. Masu nazarin harsuna ne suka haɗa sunayen biyu da ɗan karan ɗori suka rubuta Hun-Saare, don kada su fifita wani ɓangare a kan wani. Shi ya sa ba ki taɓa jin sa a tsakar gida ba, suna ne na takarda. Idan kika tambayi mahaifinki yadda ake kiran harshen da harshen kansa, sannan kika tambayi mahaifiyarki, ina kyautata zaton za ki ji rabin sunan daga bakin kowannensu.

Masu karatu daga nesa su lura da abu biyu. Dukawan nan ba su ne dukawa masu sana'ar fata da ake samu a Kano da sauran biranen Hausa ba, kamannin suna ne kawai. Haka nan Dukku ta nan ba Dukkun jihar Gombe ba ce.

Cibiyarsu ita ce ƙaramar hukumar Rijau a jihar Neja, kan hanyar da ta tashi daga Kontagora ta nufi Zuru, tare da garuruwa irin su Dukku da Tungan Magajiya. Suna nan kuma a tsallaken iyaka cikin jihar Kebbi, a ƙasar Sakaba da ƙasar Yawuri. Iyakar jihohin ta ratsa tsakiyarsu ne kawai. An kafa Neja a 1976, an cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, mutanen kuwa suna wurin tun kafin a san da ɗayansu. Adadin da aka fi ambata na masu magana da harshen shi ne kimanin 73,000, amma ƙiyasi ne na 1985. Ƙidayar Nijeriya ta 2006 ba ta tambayi ƙabila ba, saboda haka duk wanda ya kawo miki sabon adadi cif-cif, ki tambaye shi inda ya samo shi.

Manoma ne na dawa da gero, an kuma san su da farauta. A al'adarsu ta da, saurayi ba ya samun mata da kuɗi kawai, sai ya shekara da shekaru yana noma a gonar surukinsa tare da sa'o'insa, irin abin da maƙwabtansu Dakarkari suke kira golmo. A ƙarni na 19, lokacin da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, shi da ɗansa Ibrahim suka riƙa kai hare-haren kamun bayi a wannan yanki, jama'a da yawa sun tare kan duwatsu da cikin surƙuƙi. Bayan da Turawa suka ci Kontagora a 1901 aka fara saukowa fili a hankali. Na kawo wannan ne saboda yana da nasaba da harshe: zaman dutse ya killace kowane gari da nasa lafazin, saukowa fili kuma ta haɗa kowa da kasuwa, kasuwa kuwa da Hausa ake cin ta.

Tsakaninsa da Dakarci

Dukanci ba karkataccen Dakarci ba ne, kamar yadda Dakarci ba karkataccen Dukanci ba ne. 'Yan ɗaki ɗaya ne da suka fito daga tushe guda, kowa ya kama gabansa tun da daɗewa. Masana suna sa su cikin dangin harsunan Kainji, waɗanda yawansu ya kai wajen 60, suka bazu daga bakin kogin Kwara har zuwa Kaduna da Filato da Bauci. An ɗauko sunan dangin ne daga tafkin Kainji. A cikin wannan dangi akwai reshen arewa maso yamma, a nan Hun-Saare yake tare da C'Lela na ƙasar Zuru, wato Dakarci, da ut-Ma'in da Hausawa suke cewa Fakanci, da Gwamhi-Wuri na Bangawa, da kuma harshen Damakawa. Harsunan Kambari da Cicipu na Acifawa da Reshe na Gungawa su ma Kainji ne, amma sun fi nisa kaɗan.

Abin da ya sa ƙawarki ta yi wannan zato ba boyayye ba ne. Dakarkari sun fi yawa, sun fi suna saboda aikin soja da masarautar Zuru, don haka wanda ya ji kalmomi masu kama da juna sai ya ɗauka ƙaramin ne ya aro daga babban. Yawan jama'a ba ya mai da harshe uwa. Hujja mafi sauƙi ita ce, mutumin Rijau da mutumin Dabai ta ƙasar Dakarkari da ba su taɓa zama da juna ba, idan suka haɗu a tasha, za su tsinci kalmomi jefi-jefi a bakin juna, amma cinikin da Hausa za a ƙarasa shi.

Da Hausa kuwa babu dangantakar jini ko kaɗan. Hausa tana cikin harsunan Cadi, danginta na nesa su ne Larabci da harshen Buzaye. Kainji reshe ne na Binuwai-Kwango a cikin babban gidan Neja-Kwango, inda Tibi da Suwahili da Zulu suke. Wato ta fuskar asali, Dukanci ya fi kusa da harshen da ake yi a Tanzaniya a kan Hausar da ake yi a kasuwar Rijau. Kalmomin Hausa da kike ji a cikinsa aro ne na zaman tare.

Inda ginin nasa ya bambanta

Wannan zai yi miki amfani wajen koyo, shi ya sa zan ɗan tsaya a kai. Hausa tana raba sunaye gida uku: namiji, mace, jam'i. Muna cewa rago ya zo, tunkiya ta zo, tumaki sun zo. Hun-Saare da 'yan'uwansa ba su damu da namiji da mace a nahawu ba. Suna raba sunaye ne zuwa azuzuwa da dama, kowane aji da ɗan harafin da ake liƙa masa. Mutane suna da nasu ajin, abubuwa masu ruwa-ruwa irin su ruwa da jini da mai galibi sukan taru a aji guda mai alamar m, sannan jam'i ba a yin sa da sauya ƙarshen kalma barkatai irin na Hausa, ana sauya alamar ajin ne. Ut da us da kike gani a gaban Hun da Saare irin waɗannan alamomi ne. A Dakarci abin ya fito fili sosai: harshen C'Lela, mutum ɗaya K'Lela, jama'ar Lelna, ƙasar kuma A'Lela. Saiwa ɗaya ce, alamar ce take faɗa miki abin da ake nufi.

Alamar ba ta tsayawa a jikin suna kaɗai. Sifa da lamiri da kalmar nuni duk sai sun bi ajin sunan da suke rakiya. Wani abin da ya ja hankalin masana a wannan reshe shi ne, alamar takan tashi daga goshin kalma ta koma ƙeyarta gwargwadon matsayin kalmar a jimla. An yi bayanin nahawun Dukanci a rubuce tun 1973, a wani nazari da John Bendor-Samuel da Donna Skitch da Esther Cressman suka fitar, don haka ba harshe ba ne da ba a taɓa dubawa ba.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa wasu tsofaffinku suke cewa "matata ya zo" idan suna Hausa. Ba rashin kai ba ne, harshensu ne bai raba ya da ta ba. Bahaushen da yake musu dariya, da za a ba shi azuzuwan sunayensu ya jera, da ya fi haka tuntuɓe. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da suka sa iyaye da yawa suka yanke shawarar 'ya'yansu su tashi da Hausa zalla, kuma ina ganin ta yi ɓarnar da ba a lissafa ta.

Wasulansa ma sun fi biyar ɗin da muke rubutawa a Hausa. Shi ya sa a rubutun harshen za ki ga an ja layi a ƙarƙashin wasu wasula, don a bambanta su da 'yan'uwansu. Yana kuma da karin sauti, hawa da saukar murya da ke sauya ma'ana, amma wannan ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa.

Ɗaya ne ko biyu

Shekaru da dama ana lissafa Hun da Saare a matsayin karin harshe biyu na harshe guda. A 2019 masu kula da jerin lambobin harsunan duniya suka raba su, kowanne ya sami tasa lambar. Saboda haka za ki ci karo da duka biyun a intanet: tsofaffin shafuka suna cewa Hun-Saare, sababbi suna cewa ut-Hun daban, us-Saare daban.

Yadda muke auna irin wannan a aikace shi ne, a ɗauki muryar wani yana ba da labarin abin da ya faru da shi, misali ranar da ya yi arangama da gwanki a daji, a kai wani gari a kunna wa mutanen da ba su saba zirga-zirga ba, musamman mata da matasa, sannan a yi musu tambayoyi a kan labarin. Idan sun kama shi duka, karin harshe ne. Idan sun kama rabi, magana ta fara canzawa. Matsalar ita ce sabo yana ɓata awon. Ke da kika tashi kina jin mahaifinki da mahaifiyarki, kunnenki ya riga ya haɗe su, wataƙila ma ba ki san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Basakkwace da Bakano suna jin bambancin juna sarai, amma littafi ɗaya suke karantawa. Tambayar da masu raba Hun da Saare suke yi ke nan: littafin koyon karatu guda zai wadatar da yaron Rijau da yaron Dukku, ko sai an yi biyu?

A nan ilimina yake da iyaka, kuma iyakar ta fannin ce gaba ɗaya. Masanin harshe yana iya auna yawan kalmomin da suka yi tarayya da yadda ake fahimtar juna, amma ba shi ne zai ce wa jama'a ku ɗaya ne ko ku biyu ne ba. Dukawa suna ɗaukar kansu al'umma guda, suna auratayya, ga gidanku nan shaida. Lamba biyu a kundin kwamfuta ba ta sauya wannan ba.

Yadda harshe yake zamewa daga gida

Hun-Saare bai mutu ba, a ƙauyuka har yanzu akwai yaran da suke tashi da shi. Amma halin da kike ciki, na ji ba mayarwa, shi ne daidai gaɓar da igiya take tsinkewa, kuma na gan shi a gidaje masu yawa. Kaka tana zaune a bakin rumbu tana sussukar dawa, ta kira jikarta da yare ta ce ta kawo mata faifai. Yarinyar ta ji sarai, ta tashi ta ɗauko, amma da ta buɗe baki sai ta ce, "Ga shi, Kaka." Babu wanda ya lura, don an biya buƙata. Ita wannan yarinya idan ta yi aure ba ta da abin da za ta faɗa wa nata 'ya'yan, su kuma ko jin ba za su yi ba. Hawa uku ke nan: masu yi, masu ji, sai waɗanda sunan kawai ya rage musu.

A zaman ɗaukar kalmomi ma abin yana bayyana. In na tambayi samari sunan abu, sau da yawa kalmar Hausa suke ba ni sun liƙa mata alamar aji a goshi, suna ganin yarensu ne. Sai wata tsohuwa daga bayan zana, wadda ba a ma gayyato ta zaman ba, ta ɗaga murya ta faɗi ta asalin, samarin su dubi juna su ce lallai sun taɓa jin haka. Ƙirge ne yake fara tafiya, saboda kuɗi da Hausa ake lissafa su. Sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye su bi baya idan aka bar zuwa daji.

Dalilan a fili suke. Kasuwa da tasha da asibiti Hausa ce. Wa'azi a masallaci Hausa ce, a coci ma shekaru da yawa da Littafi Mai Tsarki na Hausa da waƙoƙin Hausa ake sujada. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a muhallinsa, a wannan yanki kuwa na biyun aka riƙa ɗauka, wato Hausa, don ita ce take da littattafai da malamai. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta addabi ƙasar Rijau da Sakaba da Danko-Wasagu a shekarun nan. Ƙauyen da ya watse ya koma gefen gari, ba gonaki da dabbobi kaɗai ya rasa ba, ya rasa dandalin da yara suke wasa da harshensu.

Kada kuma a ɗora wa Hausa laifin duka. Damakawa, maƙwabtanku na ƙasar Sakaba, harshensu ya kusan ƙarewa, 'yan kalmomi kawai tsofaffi suke iya tunawa, kuma Dakarci suka koma. Iya Hausa ba ya kashe yare, kakanninki sun iya biyu har uku ba su rasa nasu ba. Abin da yake kashe shi shi ne ranar da uwa ta daina yi wa ɗanta.

Abin da zan ba ki shawara

Lokaci bai ƙure miki ba, kin ma fi mai farawa daga tushe nisa ƙwarai. Mai ji ya riga ya mallaki sautuka da karin murya da mafi yawan nahawu a cikin kansa, abin da ya rage masa sakin baki ne. A abin da na gani, ba wuyar harshen ce take hana irinku ba, kunya ce. Kin buɗe baki sau ɗaya, gwaggo ta tuntsire da dariya ta ce ji Bahaushiya, shi ke nan kin yi shiru shekara goma. Don haka ki fara da mutum ɗaya da kika amince da shi, ki gaya masa ƙarara cewa koyo kike so, ya gyara miki ba tare da ya tara miki jama'a ba. Idan mahaifiyarki tana kusa, ita ce ta fi dacewa.

Ki zaɓi fage guda ki killace shi. Madafa ta fi sauƙi, domin zancenta yana maimaituwa kullum: ɗauko, zuba, tuƙa, ya nuna, bai nuna ba, wuta ta yi yawa. Ku yi alkawari da ita cewa daga ɗora tukunya zuwa sauke ta babu Hausa. In kalma ta ɓace miki, ki tambaya da yaren, wannan jimla ta "yaya ake cewa" ita ce farkon abin da za ki haddace. In wannan ya zauna sai ki ƙara gaisuwa, sai wankan yara, sai aike.

Kada ki tara kalmomi tsirara a littafi, ruwa kaza, wuta kaza. Saboda azuzuwan nan da na bayyana, kowane suna ki karɓe shi da tilonsa da jam'insa da kuma gajeriyar jimla, misali "wannan tukunyar babba ce, waɗannan tukwanen manya ne". A haka alamomin za su shiga bakinki ba tare da kin zauna haddar ƙa'ida ba. Wayarki ta isa kayan aiki. Ki nemi izinin tsofaffi ki ɗauki tatsuniya da waƙar daka da labarin yadda aka yi aurensu, ki rubuta sunan mai maganar da garinsu da ranar, ki ajiye a wuri fiye da ɗaya. Da dangin da ke ƙauye kuma ki koma tura saƙon murya a WhatsApp maimakon rubutu, kina iya sake ɗauka sau nawa kike so kafin ki tura. Akwai rubuce-rubuce da aka yi a ɓangaren Hun, yawancinsu fassarar littattafan addinin Kirista ne da na koyon karatu. Ko mene ne addininki, za su nuna miki yadda aka tsara rubuta wasulan, kada ki ƙirƙiro naki tsarin daga sama.

Game da yaran, kada ki jira sai kin ƙware. Ki ba su abin da kike da shi yau, ko da gaisuwa ce da sunayen gaɓoɓin jiki, ki kuma roƙi kakanninsu su daina juya musu zuwa Hausa. Wannan roƙon sai kin nanata shi, domin tsofaffi suna juyawa ne don tausayi. Abu mafi muhimmanci shi ne a sa su mayar da amsa, ba ji kawai ba. In yaro ya ce "ruwa", a faɗa masa da yare cikin fara'a, a jira ya maimaita, sannan a miƙa masa. In hanya ta yi kyau, hutun makaranta guda a ƙauye cikin sa'o'insu zai yi musu abin da ke kaɗai ba za ki iya ba, amma wannan sai kin tabbatar da tsaro, ban ce ki kai su inda manya ma suke gudu ba.

Ni Bahaushe ne, ginin harshen na nazarta, ba nono na sha da shi ba, saboda haka duk inda bayanina ya saɓa da abin da iyayenki suke faɗa a kan lafazi ko ma'anar kalma, nasu za ki ɗauka. Ki kuma sani cewa wanda ya saki baki da girma yakan rage da ɗan gurɓin Hausa a harshensa, ba abin damuwa ba ne, yaran ne za su fito da shi tas in sun sami masu yi da su.

Saura batun wanne za ki bi, na Rijau ko na Dukku. Ki bi na wanda kika fi zama da shi, wanda zai riƙa gyara miki kullum. Idan mahaifiyarki ce, to us-Saare za ki fara da shi, ko da yake rubutattun abubuwan da za ki samu sun fi yawa a ut-Hun. Duk inda kika ji mahaifinki ya faɗi abu daban, ki tambaye shi, ki rubuta su gefe da gefe, na uba a dama na uwa a hagu, ki koya wa yaran duka biyun.